Bin Salsalar Kakanni a Ƙasar Ailan: Kundayen da Suka Tsira da Iyakar Abin da Suke Tabbatarwa

Tsibirin Ailan, wanda ke yamma da Birtaniya, yana da mutane kimanin miliyan 7 idan aka haɗa Jamhuriyar Ailan da Ailan ta Arewa, amma masu danganta asalinsu da shi a ƙasashen waje sun ninka wannan adadi sau da yawa. A Amurka kaɗai sun haura miliyan 30, ban da na Birtaniya da Kanada da Ostareliya da Ajantina. Ƙaura ce ta haifar da haka. Ƙidayar 1841 ta sami fiye da mutum miliyan 8 a tsibirin. Daga 1845 zuwa 1852 wata cuta ta lalata dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talaka, aka shiga yunwar da ta kashe kimanin mutum miliyan 1, wasu kamar haka kuma suka tsallaka teku. Ƙaurar ba ta tsaya da wucewar yunwa ba, domin a ƙidayar 1911 jama'ar ba su kai miliyan 4 da rabi ba.

Jikoki da tattaɓa-kunnen waɗannan mutane ne suka mayar da bin salsala babban fagen bincike a ƙasar. Wahalar aikin kuwa tana da tushe guda. Kusan duk kundayen da ake dogara da su ba don tarihin iyali aka rubuta su ba. Hukuma ta rubuta nata don haraji, mai ƙasa don kuɗin haya, coci don baftisma da aure da ushiri. Saboda haka kowane kundi yana da waɗanda ya ƙirga da waɗanda ya tsallake, kuma sai mai bincike ya san dalilin rubuta kundi kafin ya san abin da samun suna a ciki, ko rashinsa, ke nufi.

Farawa daga ƙasar da aka sauka

Kundayen Ailan a tsare suke bisa wuri. Wanda abin da ya sani kawai shi ne kakansa mai suna Murphy ya fito daga Ailan wajajen 1850 bai riƙe komai ba tukuna, domin Murphy shi ne sunan dangi mafi yawa a tsibirin. Abin da ake fara nema shi ne sunan ƙauye, ko aƙalla na gunduma, kuma galibi a ƙasar da mutumin ya sauka ake samunsa. Kafin 1890 hukumar Birtaniya ba ta ajiye cikakken jerin fasinjojin da ke fita daga tashoshinta ba. Amurka ta wajabta jerin masu shigowa tun 1820, sai dai na shekarun yunwa ba su wuce suna da shekaru da sana'a da ƙasa ba. Sai a farkon ƙarni na 20 suka soma ɗaukar sunan ɗan'uwan da aka bari a gida da adireshinsa.

Akwai majiyoyin da suka fi jerin jirgi amfani. Jaridar Pilot ta birnin Boston ta buga sanarwar cigiya daga 1831 zuwa 1921, inda dangi ke neman 'yan'uwan da labarinsu ya yanke, kuma mai cigiya kan faɗi ƙauye da gundumar da wanda ake nema ya fito. Bankin ajiya na baƙi da aka kafa a New York a 1850 yakan tambayi mai buɗe asusu ƙauyensu da sunayen iyayensa da jirgin da ya kawo shi, don a riƙa tantance shi in ya zo cirar kuɗi, tun da da yawa ba su iya sa hannu ba. A Ostareliya takardun mutuwa na Victoria da New South Wales, daga shekarun 1850, suna ɗauke da sunayen iyayen mamaci da mahaifarsa. Can kuma ake samun bayanan fursunonin da aka kai daga Ailan tsakanin 1791 da 1853, da na 'yan mata marayu kimanin 4,000 da aka kwasa daga gidajen gajiyayyu tsakanin 1848 da 1850. Rubutun kan kabari da wasiƙun gida ma sukan ba da sunan wuri.

Labarin Annie Moore ya nuna haɗarin gaggawa a wannan mataki. Ita ce baƙuwa ta farko da aka yi wa rajista a tashar tsibirin Ellis ran 1 ga Janairu, 1892, bayan ta taso daga gundumar Cork da ƙannenta maza biyu. An shafe shekaru ana ɗaukar wata Annie Moore da ta rayu a Texas a matsayin ita, har zuriyar waccan suka riƙa halartar bukukuwan tunawa. A 2006 masu bincike suka tabbatar da cewa ta ainihin ba ta bar New York ba, kuma can ta rasu a 1924. Kama da wane ba ta wane. Idan wannan kuskure ya faru kan matar da jaridu suka buga labarin isowarta, to ya fi sauƙin faruwa kan leburan da ba wanda ya kula da saukarsa.

Rabon ƙasa da sunayen dangi

Tsibirin yana da larduna 4, wato Ulster da Munster da Leinster da Connacht, da gundumomi 32. Mafi ƙanƙantar rabo shi ne abin da za a kira unguwar karkara, yanki mai suna da iyaka wanda sau da yawa bai wuce gonaki kaɗan da gidajen masu noma su ba. Akwai irinsu fiye da 60,000, kuma su ne adireshin mutumin karkara har yau. A tsakanin unguwa da gunduma akwai rabe-raben da ba su hau kan juna ba. Yankunan ikilisiya na hukuma, kimanin 2,500, su ne aka yi aikin haraji da su. Cocin Katolika yana da nasa yankunan masu iyaka dabam, sau da yawa da suna dabam. Dokar kula da matalauta ta 1838 ta ƙara wani rabon, inda aka kasa ƙasar yankuna 130, daga baya 163, kowanne da gidan gajiyayyu a garin kasuwa, kuma kan wannan rabo aka ɗora rajistar haihuwa da mutuwa. Unguwa ɗaya tana iya faɗawa ƙarƙashin sunaye uku, gwargwadon kundin da aka buɗe.

Rubutun sunayen wurare bai daidaita ba sai da aka yi aikin safiyo na 1824 zuwa 1846, wanda ya fitar da taswirar dukan tsibirin bisa ma'aunin inci 6 ga mil ɗaya. Masanin harshen Ailan John O'Donovan yana cikin waɗanda suka bi ƙauyuka suna tantance sunayen. Wajajen lokacin samun 'yanci daga Birtaniya kuma an sauya wasu: gundumar da ake kira ta Sarki ta koma Offaly, ta Sarauniya ta koma Laois, tashar Queenstown ta koma Cobh.

Sunayen dangi suna da tasu matsalar. Mutanen Ailan suna cikin na farko a Turai da suka riƙi sunan dangi mai bin gado, tun ƙarni na 10 da na 11. Ana sa Mac, wato ɗa, ko Ó, wato jika, gaban sunan wani kaka. O'Brien, alal misali, zuriyar Brian Boru ne, sarkin da aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014. Normawan da suka shigo daga 1169 sun kawo irin su Fitzgerald da Burke, baƙin Sikotlan da Ingila da aka zaunar a Ulster daga 1609 suka kawo nasu. A ƙarƙashin mulkin Ingila akawu yakan rubuta suna yadda kunnensa ya ji, ko ya fassara shi, har Mac Gabhann, ɗan maƙeri, ya koma Smith a wurare da dama. Iyalai da yawa sun jefar da Ó da Mac, jikokinsu suka maido su lokacin farfaɗo da harshen a ƙarshen ƙarni na 19. Ana iya samun mutum ɗaya da rubutun suna iri uku, kuma ba daidai ba ne a ƙi wata shaida don harafi ya bambanta. Akwai kuma al'adar raɗa wa ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, 'yar fari kuma sunan kakarta ta wajen uwa. Tana taimakawa wajen hasashen sunan kaka, sai dai ita ce ta cika unguwa ɗaya da 'yan'uwa masu suna iri ɗaya.

Gobarar 1922

An kafa ofishin adana takardun hukuma na Ailan a 1867, a harabar manyan kotuna da ke bakin kogin Liffey a Dublin. A 1922 mayaƙan da suka ƙi yarjejeniyar 'yanci da aka ƙulla da Birtaniya suka mamaye harabar. Sojojin sabuwar gwamnati suka soma yi musu ruwan wuta ran 28 ga Yuni, kuma ran 30 ga wata fashewa da gobara suka cinye taskar. Takardun kusan ƙarni bakwai suka hallaka a ranar. Cikinsu akwai ƙidayar 1821 da 1831 da 1841 da 1851, da mafi yawan wasiyyoyi na asali, da rajistocin kimanin yankuna 1,000 na Cocin Ailan, reshen Angilika. Ƙidayar 1861 zuwa 1891 kuwa gwamnati ce da kanta ta lalata takardunsu tun kafin gobarar, biyu na farko jim kaɗan bayan an gama lissafi, biyu na ƙarshe a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Asarar babba ce, musamman ƙidayar 1841, wadda ta ɗauki sunan kowane mutum a kowane gida shekara huɗu kafin yunwa. Ga dubban iyalan da yunwar ta shafe, wannan ce kaɗai takardar da ta taɓa ambatonsu. Duk da haka, maganar da ta yaɗu cewa komai ya ƙone ba gaskiya ba ce, kuma ta sa mutane da yawa sun haƙura tun ba su fara ba. Abin da ba ya cikin ginin bai ƙone ba: rajistar haihuwa da aure da mutuwa, ƙidayar 1901 da 1911, rajistocin Katolika da na Firesbiteriya, kundayen ƙimar ƙasa, da takardun cinikin filaye. Daga abin da ya ƙone ma an sami ragowa, kamar sassan ƙidayar 1821 na gundumomin Cavan da Meath da Galway, da na 1831 na Derry, da na 1851 na Antrim. Jagoran da Herbert Wood ya wallafa a 1919 ya lissafa abin da ke taskar, kuma da shi aka yi amfani wajen aikin da jami'ar Trinity ta Dublin ta jagoranta, wanda ya tattaro kwafe-kwafe daga ma'adanai na gida da waje ya buɗe su a intanet a Yunin 2022.

Rajistar hukuma da ƙidaya

An fara rajistar auren waɗanda ba Katolika ba a 1845, sannan rajistar dukan haihuwa da aure da mutuwa a 1864. Takardar haihuwa tana ba da unguwa da sunan uba da sana'arsa da sunan gidan su uwa. Ta aure tana ba da sunayen ubannin ango da amarya, ba ta ambaton uwaye. Ta mutuwa ita ce mafi ƙarancin amfani, domin ba ta faɗin iyaye, kuma shekarun da ke kanta ƙiyasin wanda ya kai rahoto ne. Ana iya duba hotunansu kyauta a intanet idan haihuwa ta wuce shekara 100, aure 75, mutuwa 50. Akwai tara ga wanda ya makara wajen yi wa jariri rajista, don haka wasu iyaye sukan matso da ranar haihuwa don su tsira daga tarar. Shi ya sa ake ganin yaron da aka yi wa baftisma makonni kafin ranar da hukuma ta ce an haife shi. A irin wannan saɓani ranar coci ce abin dogaro.

Ƙidayar 1901 da 1911 su ne cikakku da suka rage daga zamanin mulkin Birtaniya. Suna nuna kowane mutum a gida da shekarunsa da addininsa da sana'arsa da gundumar haihuwarsa, da ko ya iya karatu, da ko yana jin harshen Ailan. Ta 1911 ta ƙara tambayar matar aure shekarun aurenta, da 'ya'yan da ta haifa, da waɗanda ke raye. Wata takarda dabam tana bayyana ginin: irin bango da rufi, yawan ɗakuna da tagogi, har da garken shanu da ɗakin aladu. Ƙidayar farko bayan 'yanci an yi ta a Afrilun 1926, kuma doka ta tanadi buɗe ta bayan shekara 100. Takardun ƙidayar Ailan ta Arewa ta wannan shekarar ba su tsira ba.

Dokar fanshon tsofaffi ta 1908 ta bar alama biyu a waɗannan kundaye. Ta ba wanda ya kai shekara 70 har sule 5 a mako, abin da ya sa tsofaffi da yawa suka ƙaru da fiye da shekara 10 tsakanin ƙidayar 1901 da ta 1911. Ba duka ne ƙarya ba, domin mutanen karkara da yawa ba su riƙe shekarar haihuwarsu ba, kuma a 1901 ba su da dalilin damuwa da ita. Alama ta biyu alheri ce ga masu bincike. Tun da masu neman fanshon an haife su kafin 1864, sai aka riƙa duba ƙidayar 1841 da 1851 don tabbatar da shekarunsu. Takardun neman da sakamakon binciken sun tsira, kuma ta haka aka ceto bayanan dubban gidaje daga ƙidayar da ta ƙone.

Rajistocin coci

Kafin 1864 rajistar coci ce babbar shaida. Fiye da kashi uku cikin huɗu na jama'a Katolika ne, amma dokokin danniya na ƙarshen ƙarni na 17 da na 18 sun takura cocinsu, talauci kuma ya ƙara. A biranen gabas da kudu akwai rajistocin da suka faro da wuri, kamar na garin Wexford daga 1671. A karkarar yamma, irin su Mayo da Donegal, da yawa ba su fara ba sai tsakanin 1830 da 1860. Abin takaicin shi ne yankunan da suka fi fitar da masu ƙaura su ne suka fi ƙarancin rubutu. Ɗakin karatu na ƙasa ya ɗauki hoton rajistocin yankuna fiye da 1,000 har zuwa wajajen 1880, ya kuma sa su a intanet a 2015.

Karanta su yana buƙatar haƙuri. Da yawa da Latin aka rubuta sunan yanka, inda James ya zama Jacobus, William ya zama Gulielmus, Diarmuid kuma yakan fito a matsayin Jeremiah ko Demetrius. Rubutun fada yakan yi wuyar ganewa, shafuka sun jiƙe ko sun ɓace. Amfaninsu shi ne suna ba da sunan gidan su uwa, da sunayen iyayen baftisma, waɗanda galibi 'yan'uwan ma'auratan ne ko maƙwabta. Wanda ya bi waɗannan sunaye cikin shekara ashirin yakan iya raba iyalai biyu masu suna ɗaya. Jerin sunayen da kamfanoni suka kwafa don bincike da kwamfuta yana da kurakurai, saboda haka wajibi ne a koma ga hoton shafin.

Cocin Ailan shi ne na hukuma har 1871, abin da ya sa aka ɗauki rajistocinsa a matsayin takardun gwamnati aka tara su a Dublin. Waɗanda suka rage a hannun limamai sun tsira. Rajistocinsa na jana'iza sukan haɗa da Katolika da Firesbiteriya, domin maƙabartar yanki tana hannunsa. Daga irin waɗannan rajistoci ne aka tabbatar a 2007 cewa Falmouth Kearney, ɗan wani mai ɗinkin takalma daga ƙauyen Moneygall da ya tafi Amurka a 1850, kakan-kaka ne ga mahaifiyar Barack Obama.

Kundayen haraji da na gona

A madadin ƙidayar da ta ƙone, kundaye biyu ake riƙewa. Na farko littattafan ushiri ne na 1823 zuwa 1837, waɗanda aka rubuta don ƙayyade abin da kowane mai riƙe da gona zai biya Cocin Ailan, ko shi ɗan cocin ne ko ba shi ba. Wannan haraji ya jawo tarzoma a shekarun 1830. Littattafan suna ba da sunan mai gona da unguwa da yawan eka. Ba su ƙirga mazauna birane ba, ba su ƙirga leburan da ba shi da gona ba.

Na biyu shi ne ƙimar da Richard Griffith ya jagoranta, wadda aka buga gunduma bayan gunduma daga 1847 zuwa 1864 don raba harajin kula da matalauta. Ta fi ta farko faɗi nesa, domin ta ɗauki kowane gida da fili, da sunan mai zama, da wanda yake biya wa haya, da girman wurin da ƙimarsa. Kowane fili yana da lambar da ta dace da taswira, ta yadda mai bincike zai iya zuwa ya tsaya a kan gonar. Inda masu suna ɗaya suka yi yawa a unguwa, ma'aikatan sukan ƙara sunan uba ko laƙabi don bambancewa, kuma wannan ɗan ƙari yakan zama kaɗai shaidar sunan kaka. Sai dai sunan mai gida kawai take bayarwa, kuma a yawancin gundumomi an yi ta ne bayan yunwa ta yi ɓarnarta. Rashin suna a cikinta ba ya nuna cewa iyalin ba su taɓa zama a wurin ba.

Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne littattafan gyara da suka biyo baya. Ofishin ƙima ya ci gaba da sabunta bayanan kowane fili har cikin ƙarni na 20, ana soke tsohon suna a rubuta sabo da tawada mai launi dabam, da shekarar canjin a gefe. Daga nan ake ganin lokacin da gona ta tashi daga uba zuwa matarsa, daga ita zuwa ɗa, ko ta koma hannun baƙo, abin da ke nuna mutuwa ko ƙaura. Nan kuma ake ganin lokacin da ɗan haya ya zama mai gona bayan dokokin sayen ƙasa, musamman ta 1903. Wannan kundi ne ke haɗa sunan da ke cikin ƙimar Griffith da mutanen da ke zaune a wurin yau. Rajistocin makarantun gwamnati da aka kafa daga 1831, da na ƙananan kotuna, da na gidajen gajiyayyu, har da na lasisin kare, suna cike giɓi nan da can.

Kafin 1800

Ga yawancin zuriyar manoma 'yan haya, sawu yakan ɓace tsakanin 1780 da 1830, wato inda rajistar cocinsu ta fara. Gobarar 1922 ba ita ce babban dalili ba a nan. Dalilin shi ne ba wanda ya rubuta su tun asali. Bayan ƙwace filaye da Ingila ta yi a zamanin Cromwell da na bayan yaƙin 1689 zuwa 1691, abin da ya rage a hannun Katolika bai wuce kimanin kashi 14 cikin 100 na ƙasar ba a 1703, kuma wanda ba shi da ƙasa ba ya barin wasiyya ko takardar ciniki. Ofishin rajistar cinikin filaye da aka buɗe a 1708 ya tsira ɗungurungum, amma masu dukiya ne suka cika shi. Duk da haka yana da amfani, domin akwai hayar da ake ƙullawa bisa tsawon ran mutum uku, ana ambaton sunayensu da dangantakarsu. Taƙaitattun bayanan da Sir William Betham ya kwafa daga manyan wasiyyoyi har zuwa 1800 sun maye gurbin wani sashe na abin da ya ƙone. Ga talaka, fata yana ga littattafan haya na masu ƙasa, inda suka tsira, da jerin sunaye irin na harajin murhu na shekarun 1660, da ƙidayar addini ta 1766, da jerin manoman da aka ba kyauta don shuka rama ta lilin a 1796. Waɗannan suna nuna cewa wani suna yana wani wuri a wata shekara. Ba su nuna wane ne ya haifi wane.

A can baya kuma akwai tarin salsala mafi girma da Turai ta zamanin da ta bari. Gidajen malamai masu gadon sana'ar sun riƙe nasabar sarakuna da manyan dangi, aka tattara su a kundaye irin su Littafin Leinster na ƙarni na 12, da na Ballymote da na Lecan na wajajen 1400. Dubhaltach Mac Fhirbhisigh ya haɗa babban littafinsa na salsala a Galway daga 1649, a daidai lokacin da tsarin da ya raya sana'ar ke rushewa, kuma Nollaig Ó Muraíle ya fitar da shi cikin mujalladi 5 a 2003 zuwa 2004. Waɗannan kundaye suna da ƙima ga tarihin siyasa, sai dai an rubuta su ne don tabbatar da haƙƙin sarauta da ƙasa. Sukan kai nasaba har ga Míl, wanda aka ce 'ya'yansa sun zo daga Sifaniya, daga shi kuma har Annabi Adamu, kuma akan gyara reshe idan mulki ya sauya hannu. Wanda ya san yadda masana ke auna labarin Bayajida da jerin sarakunan Hausa zai gane irin taka-tsantsan da ake bukata. Tsakanin ƙarshen waɗannan salsaloli da farkon rajistar coci akwai giɓin shekara 150 ko fiye, kuma iyalai kaɗan ne ke da takardun da za su cike shi. Ɗaukar sunan O'Neill ba hujja ba ce ta fitowa daga gidan sarautar O'Neill. Ofishin salsala na gwamnati ma ya taɓa faɗawa wannan rami. A 1999 ya janye amincewar da ya yi wa wani a matsayin shugaban zuriyar MacCarthy bayan an gano nasabar ƙirƙira ce, kuma a 2003 ya daina ba da irin wannan amincewa baki ɗaya.

Gwajin jini da takardun da aka ɓoye

Gwajin DNA ya ƙara wata hanya. Wanda ke bin layin uba yana nuna ko maza biyu masu suna ɗaya sun haɗa kaka. Binciken da aka wallafa daga jami'ar Trinity a 2006 ya sami alama guda a jinin kimanin kashi ɗaya cikin biyar na mazan arewa maso yammacin tsibirin, ta kuma fi yawa cikin sunayen da tsofaffin salsaloli suka danganta da gidan sarautar Uí Néill. Wannan ya ƙarfafa cewa kundayen suna da ƙwayar gaskiya, ko da yake gwajin ba ya faɗin sunan kakan. Gwajin da ke nemo dangi na kusa yana aiki har zuwa kakanni biyar ko shida, kuma yakan nuna wa ɗan Amurka gundumar da takardu suka kasa nuna masa. Auratayya tsakanin maƙwabta a ƙananan yankuna takan sa dangantaka ta bayyana kusa fiye da yadda take, don haka sakamakon yana bukatar takarda ta mara masa baya.

Gwajin ya fi muhimmanci ga waɗanda aka haifa a gidajen da aka riƙa killace matan da suka yi ciki ba aure a ƙarni na 20. An ba da 'ya'ya da yawa riƙo a gida da Amurka, wasu kuma an yi musu rajista da sunan masu riƙonsu kamar su ne suka haife su, ta yadda takardar hukuma kanta ta zama shaidar zur. Dokar da majalisar Ailan ta zartar a 2022 ta ba irin waɗannan mutane haƙƙin ganin takardar haihuwarsu ta asali da bayanan farkon rayuwarsu, ta kuma kafa rajistar da su da danginsu za su bayyana ko suna son a sada su.